Gwangwanin Laraba

Kowace Laraba, da la'asar sakaliya,
mukan cika ɗakin 'yan aji uku a firamaren Kakuri,
manya a kan bencin yara,
gwiwa tana gaisawa da haɓa.
Allo bai gama goguwa ba:
bakwai sau takwas na nan a kusurwa,
tun safe yake jiran amsa.

Ni ce ma'aji. Ba don na fi kowa lissafi ba,
ranar zaɓe ce na makara,
na tarar an gama da ni.
Suka miƙo littafi mai shuɗin bango
da gwangwanin madara da aka huda wa baki.

Shugaba Dogara kan buɗe da addu'arsa,
Malam Barau ya rufe da tasa,
a tsakani kuwa sai gardama:
wa ya tafi da shebur biyu ranar yashe kwata,
wa ya ce a sayi lemo alhali ruwan leda ya isa.
Mun taɓa cin awa guda a kan naira ɗari uku
har ladan ya raba mu.

Abin da muke nema ba shi da nauyi a baki:
farantin sola huɗu, batir biyu,
saboda ɗakin haihuwa na asibitin unguwa.
Lantana ungozoma ce ta kawo zancen.
Ta ce daren da Kyauta ta haifi tagwaye
da haƙora ta riƙe waya
tana haska abin da hannuwanta ke yi.
Ko tari ba wanda ya yi a ɗakin nan.

Muka kira taron gidauniya.
Muka ari rumfa, kujeru ɗari,
da lasifika mai shaƙewa in an ce miliyan.
Wani attajiri ya zo daga Malali
cikin mota mai baƙin gilashi,
ya ɗauki rabin kuɗin da bakinsa.
Tafi, har da guɗa.
Na rubuta da jan biro.
Wata bakwai ke nan wayarsa na ce mini
mai lambar ba ya kusa.

Inna Hassu mai awara
ba ta taɓa riƙe makirfo ba.
Ɗari biyu take kawowa a nannaɗe,
mai ya jiƙa ta har ana hango bayanta.
Gwangwanina ƙamshin suya yake yi.
'Yan keken bakin kasuwa suka yi karo-karo.
Jatau tela ya yafe kuɗin ɗinkin rigunanmu,
ya ce mu daina tuna masa.

Baba Shekarau ba shi da ko sisi.
Shekara ashirin da shida yana gyaran wuta a masaƙa,
aka rufe ƙofa da haƙƙinsa a ciki.
Ya ce, "Ku rubuta hannuna."
Na rasa layin da zan sa shi,
sai na buɗe masa shafi.

Batir ɗaya muka iya saya.
Ran Asabar ya hau rufin kwano,
mu huɗu muna riƙe da tsani,
matarsa na ƙasa tana faɗa.
Da magariba Lantana ta danna makunni.
Ƙwan fitila biyu ne kacal, farare fat,
amma muka tsaya muna kallo
kamar ba mu taɓa ganin bango ba.

Wutar takan kai ƙarfe ukun dare, sannan ta yi sanyi.
Jarirai kuwa ba sa duba agogo.
Don haka jibi ma Laraba ce.
Na wanke gwangwani, na juya shafi,
jan biron nan na ba jikata ta yi zane.
Shebur ɗaya ya dawo.
Ɗayan kuwa, Malam Barau, muna sane.