Rabon Marka

Kilo bakwai da rabi,
in ji ma'aunin asibitin dabbobi.
A kwandon tumatir na kawo ta,
ɗaure bayan babur tun daga Ƙofar Sauri,
tana kuka, kwandon ma yana kuka.

Dakta Gide ya laluba haƙarƙarinta,
ya danna, ya ƙara dannawa, bai iske ƙashi ba.
Ya ce, "Baba, wannan ba ƙoshin lafiya ba ne.
Su ma ciwon suga yana kama su.
Ita ce ta biyar da aka kawo mani watan nan.
Mi kake ba ta?"

Na ce, abin da Allah ya hore:
kan kifi, kindirmo,
tsiren da nake sayowa bayan isha'i,
ƙanzon shinkafa da ɗan man shanu.
Ya yi dariya, ya tambayi sunanta.
Na ce Tsito.
Dariyar ta ƙaru.

Marka ce ta raɗa mata,
ran da ta tsinto ta bayan injin niƙa,
'yar mussa da ba ta cika tafin hannu ba,
ta kwana cikin takalmina.
Ta girma tana hawa katanga kamar ƙadangare,
da dare mu ji sawunta bisa kwano,
Marka ta ce, "Ga mai gadi can ta fito aiki."

Yanzu katangar sai kallo.
Yadda nake ɗaga kai in dubi Gobarau
in tuna na taɓa hawa ba haki,
haka take dubanta.
An ce sai mage ba ta nan ɓera ke sakewa.
Tawa tana nan.
Ɓera ya yi iyali bayan buhun gero,
yana gifta gaban hancinta,
ido kawai take raka shi da shi.

Abin da ban gaya wa likita ba:
shekara arba'in da ɗaya
gwangwani biyu ake aunawa a gidan nan.
Hannuna bai iya awon mutum guda ba.
Tun da aka kai Marka,
kwanonta mai tsaga a baki bai kwana ba komai.
In zuba, in aje, in juya baya,
in ji ana ci.

Dakta ya ce a rage, sannu a hankali.
Ya ce a sa ta motsa.
Na ɗaure gashin zabo a zare,
ina ja a tsakar gida, gwiwa na ƙara,
yaran maƙwabta na leƙe ta zaure.
Ta miƙa hannu sau ɗaya.
Ta koma barci.

Da magariba na auna gwangwani guda.
Hannu ya koma buhu da kansa,
na riƙe shi da ɗayan.

Tsito ta tako, ciki na sharar ƙasa,
ta shinshina kwanon mai tsaga,
ta ɗago ta dube ni.

Na ce, na sani.
Ni ma na gani.