Agara

A bakin tekun Jidda, gari bai gama wayewa ba,
ina cikin kilomita na sha ɗaya,
wani abu ya ce ɗas a bayan dunduniyar hagu,
kamar zaren da tela ya ja da haƙori, bai tsinke duka ba.
Na rage gudu. Na yi ta yi wa kaina ƙarya har bakin mota.

Wata biyar ina ɓoye ɗingishi.
Man zafi, ƙanƙara, hutun da ba na cikawa.
Agara ba ta jin lallashi.

Likita Rawabi ta ɗora na'ura, ta juyo min da allo:
ga saƙar nan ta yi sako-sako.
Jini ba ya yawan leƙa wannan unguwa, in ji ta,
shi ya sa gyara ke jan ƙafa.
Sai mu kai shi da kanmu.

Ta ɗebi nawa a hannu, 'yan kwalabe biyu,
ta rufe su a injin da ke juyi yana gurnani.
Na tuna kakata Tabawa tana kaɗa nono a gora.
Da injin ya tsaya, ja ya kwanta ƙasa,
rawaya ya taso sama kamar man shanu.
Shi ta zuƙe.

Allura ta shiga daidai inda ciwon ya yi gida.
Na cije leɓe, na ƙirga fitilun silin.
Bakwai ne, ɗaya ta mutu.

Na ce, zan koma gudu?
Ta ce, wasu yana yi musu aiki, wasu shiru.
Ba alkawari na tsira maka ba.
Sauran aikin na matakala ne, da haƙuri.

Tabawa a ƙafa ta tako daga Haɗeja.
Ta yi ƙodago a gonakin Gadarif,
ta haifi babana a hanya,
shekara tara kafin ta ga ruwan Sawakin.
Ba wanda ya taɓa duba agararta.
Jinin nan nata ne, an tace, an mayar min.

Yanzu kullum da safe ina kan matakalar gidanmu a Sabil,
in ɗaga dunduniya, in sauke a hankali,
sha biyar, sau uku,
ina jin masu gudu a raina suna wuce ni.

Takalmana suna nan bakin ƙofa.
Kyanwar maƙwabta ta mai da na hagu matashi.
Ban kore ta ba tukuna.