Mai Amsa Tambaya Na Bakwai

Rumfata na kallon ƙofar jami'a,
Tudun Wada, Gombe, dab da mai shayi.
Shekara goma sha ɗaya ni da injin hoton takarda,
shi yana haɗiya, ni ina karatu.

A aji uku na sakandare na tsaya,
shekarar da aka binne Baffa aka raba gona.
Amma duk takardar da za ta shiga inji
sai ta fara gaida idona.

'Yan shekarar farko su ne masu sammako,
da sabon takalmi da jerin kwasa-kwasai:
Turanci, tarihin al'ummun ƙasa,
falsafa da mantiƙi, amfani da laburare.
A nan na ji wai tambaya ma sana'a ce,
wai akan shekara ana awon kalmar gaskiya
ba a cika mudu ba.
Na ce to, ai haka Dattijo Hammari yake a majalisa,
sai dai shi babu mai ba shi maki.

Shekara ta biyu kafaɗa takan sauko.
Kimiyyar siyasa, tattalin arziki,
nazarin zaman jama'a, sulhunta rikici,
sai ƙididdiga, dodon kowa.
Wanda ya gudo wa lissafi tun daga sakandare
yakan tarar da shi nan zaune yana jira,
har ya ƙara ƙiba.
Sau uku na buga wa Bappayo takardarta,
a na ukun na ji kunyar karɓar kuɗinsa.

Ta uku ba ta zo a kan kari ba.
Yajin aiki ya cinye damina da kaka,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakin inji,
na koma cajin waya.
Babu wannan darasi a manhaja,
amma babu wanda bai zauna masa ba.
Da aka dawo sai dabarun bincike:
yadda za ka tambayi mutum
har ya manta ana tambayarsa.

A ta huɗu Rifkatu Yila, 'yar Kaltungo,
ta ja benci ta kunna wayarta.
“Malam Jauro, kundina a kanku ne,
ku masu ci daga gefen jami'a.”
Nawa nake samu? Na faɗa.
Baki nawa nake ciyarwa? Na faɗa.
“Da an ba ka dama, me za ka karanta?”
Na yi shiru
har janareta ya shanye mansa.

Bayan wata biyar ta dawo
da shafi tamanin da shida.
“Kwafi huɗu, bango shuɗi, gobe nake so.”
Ina jerawa, ina jerawa,
sai ga ni a shafi na hamsin da biyu,
babu suna, babu hula:
mai amsa tambaya na bakwai,
namiji, shekara arba'in da uku.
An sa wa maganata rigar Turanci,
ta ɗan matse ta a hammata,
amma na gane ta:
“Farkon komai yana wurina,
ƙarshen a aji ake faɗarsa.”

Kwafi biyar na buga.

Na biyar ɗin yana ƙarƙashin kanta,
tsakanin tawada da littafin bashi.
Jiya Nenne, 'yata, ta zaro shi,
ta karanta tana tsaye har la'asar ta sakaya,
ta ce ita tarihi za ta cike a fom.
Uwarta ta ce, “Tarihi tuwo ne?”
Duk suka juyo gare ni.

Na buɗe baki ke nan aka kawo wuta.
Inji ya yi tari, ya farka,
ga wani yaro a ƙofa da sabon takalmi
yana miƙo mini jerin kwasa-kwasai.