Wuƙar Babana

Shekara talatin da ɗaya babana Valdomiro
yana yankan fatar takalma a Franca,
jiniyar ƙarfe shida ce carar zakaransa.
Da tafin hannu yake karanta fata:
nan kaska ta ciji saniyar, nan wayar shinge ta karce ta,
nan ƙarfen shaida ya ƙone ta tun tana maraƙa.
Sai ya kewaye tabon, ya fid da fuskar takalmi sumul.

Ranar Laraba aka sallame su, ana yayyafi.
Ya dawo da wuƙarsa naɗe cikin tawul
kamar mai ɗauko jinjiri daga asibiti.

A shagon Anacleto, gindin mangwaro,
tsofaffin ma'aikata ke zaman shari'ar da ba alƙali.
Genivaldo ya ce jiragen ruwa ne,
kwantena bisa kwantena daga ƙetaren teku,
takalmi ƙafa biyu a kuɗin igiyarsa.
Zuleide ta ce a'a, ɗan mai kamfanin ne
ya kwashe rabin injuna ya yi arewa,
inda aka yafe masa haraji,
inda yunwa ta karya farashin mutane.
Wani ya ce dala, wani ya ce banki.
Anacleto na goge kofi ya ce,
ba guga ɗaya ke ƙafar da rijiya ba.
Babana bai tanka ba.
Ya san wanda ya gaje masa wuri:
wani tebur mai ido a sama, mai wuƙar haske,
ba ya tari, ba ya neman izinin zuwa jana'iza,
yana gama aikin mutum tara kafin gahawar hantsi.

Kowa ya kama gabansa.
Genivaldo na kan babur da akwati a baya,
waya ke aikensa, ita ke masa faɗa in ya makara.
Zuleide na ɗinki a baranda, ana biyanta ƙafa-ƙafa,
idonta ya yi ja, keken na bashi ne.
Biyu sun tafi yankan rake.
Ɗaya ya kama kwalba, kwalba ta kama shi.

An ce in kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya,
ba a dai faɗi yadda gwiwar ɗan sittin za ta yi ba.

Ni kuwa Ivonete, auta,
wata takwas ina karatun dare bayan wanke-wanken otal
har na iya yaren teburin nan.
Yau ni ke danna masa maɓalli.
Daren albashina na farko na kasa haɗa ido da baba,
don shinkafa da waken da ke gabansa
wanda ya kore shi ne ya saya.
Ya ci. Ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Bayan gida ya kafa benci ƙarƙashin kwano.
Aka kawo masa Edmilson, ɗan maƙwabta,
ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama da yatsa biyu.
Ba kamfanin da zai tada inji saboda ƙafa guda.
Kwana huɗu baba yana auno, yana fiƙa, yana tsaki,
ran na biyar yaron ya bi ƙwallo a guje.
Daga nan sai masu ciwon sukari,
sai tsohuwar da yatsunta suka hau juna.
Kuɗin ba ya biyan wuta da ruwa,
amma ya koma tashi ƙarfe shida.

Nakan kawo masa guntayen da tebur ya zubar.
Jiya ya shafa ɗaya, ya tsaya, ya sake shafawa.
"Gaya wa abokin aikinki akwai jijiya a nan,
wata uku zai tsage."

Da safe na gyara wa tebur lissafinsa.
Bai gode ba.
Ban kuma gaya wa baba ba
cewa duk abin da tafinsa ya koya mini da dare
gari na wayewa nake ɗura wa injin.