Rile Na Huɗu

Sau huɗu ke nan Herminia tana shigowa garejina
da ɗan baƙin abu a tafin hannu,
bai fi kwalin ashana ba.
Ta dire shi kan benci, yana warin ƙonanniyar roba.
"Baldomero, wannan ma ya mutu,
a hawan Alto Hospicio,
da kwandon kifi shida a baya, rana na dukansu."

Uku na sayar mata, uku na ɗaura da hannuna.
Kowanne ya yi sati biyu ya ƙone.
Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

Garinmu Iquique sama ba ta zubar da ruwa,
amma teku na aiko da hazo da asuba,
gishiri a bakinsa,
yana lasar ƙarfe a hankali kamar akuya.

Na murɗa makulli, na kasa kunne wajen tanki.
Famfon mai ya yi gurnaninsa na daƙiƙa biyu,
lafiya lau, kamar bai san zancen ba.
Haka mota take a gaban mai gyara:
marar lafiyar da ke warkewa a ƙofar asibiti.

Na zare rilen. Gidansa ya narke ta gefe ɗaya,
haƙori guda ya yi baƙi.
Zafi ne. To, wa ke jan wutar da ta fi ƙarfinsa?
Na sa mita: batir sha biyu da ɗoriya,
a bakin famfo ma haka.
Na duba fis, sai gabana ya faɗi.
Talatin aka sa a gurbin sha biyar,
an ba mai gadi barci don kada ya yi ihu.

Na ce da yarona, Fermín, ya hau bayan motar,
ya kira mai shayin tsallake, su zauna tare,
su zama kwandon kifi.
Mota ta sunkuya.
Allurar mita ta zabura kamar an taka wutsiyar kare.

Na cire kujerar baya, na ɗaga darduma,
ɓawon kifi, tsohon tikiti, ɗan kunne ƙwaya ɗaya.
Na bi jar waya da yatsa, taki bayan taki,
har inda ta ratsa ƙarƙashin ƙarfe.
Nan rigarta ta goge,
tagulla ta yi kore,
duk sanda kaya ya danne, sai ta sumbaci jikin mota.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma ba tsagar ce ta tsayar da ni ba.
Ɗaurin ne.
An murɗe waya biyu ba dalma,
an naɗe da shuɗin salatif, naɗin hagu,
an bar ɗan kunne a ƙarshe don saukin kwancewa.
Bahago ɗaya na sani a unguwar nan
mai barin wannan kunnen.
Shekara tara da suka wuce, wata Asabar,
ina saurin zuwa kallon ƙwallo,
na ce da mijinta, "Je ka, Litinin ka dawo in gyara sosai."
Bai dawo ba. Ban tambaya ba.
Shi yanzu yana maƙabarta,
ɗaurina kuwa yana nan da ransa yana cin rile.

Na yanke ruɓar, na ja sabuwar waya ta wata hanya,
na narka dalma, na sa mata riga biyu,
na sauya gidan rile, na mai da fis sha biyar.

Herminia ta buɗe jaka. "Nawa?"
Na miƙa mata ɗan kunnen da na tsinta,
da kuɗin rile uku.
Ta ƙirga, ta dube ni, ta sake ƙirgawa.
"Gobe zan kawo maka kifi," ta ce,
"ka faɗa min sauran labarin."

Na tsaya a ƙofa ina jin motar tana hawa dutse,
shuɗin salatif manne a babban yatsana.