Tikitin da Ya Kwana a Shafi

Shekara sha tara ke nan ina jan akwatin katako
sama da ƙasa a tudun Valparaiso,
minti biyu hawa, minti biyu sauka.
Tsakanin fasinja da fasinja
daga ni sai littafi, sai kukan igiyar ƙarfe.

Don Eleuterio mai tsofaffin littattafai a bakin tasha
kan ba ni biyar a jakar burodi.
In na mayar ba ya tambaya,
tikitin da na soke a ciki yake dubawa
kamar likita mai taɓa jijiya.

Na kisan kai na fara ɗauka.
Gawa a rumbun inabi, ɗan sanda mai gyambon ciki.
Tun shafi na arba'in na san mai kemis ne,
gaisuwarsa ta yi wa mai gaskiya yawa.
Na leƙa ƙarshe, shi ɗin ne.
Na rufe, ban ji kunyar kowa ba.

Na sararin samaniya ya ja ni har ɗari da sha biyu.
Jirgi ya kai gari guda, rana uku a taga ɗaya,
amma ba wanda ya ji yunwa,
ba wanda ya wanke safa ya shanya.
Mutanen da ba sa cin abinci,
ina ruwana da mutuwarsu?
Suna can rataye tsakanin taurari,
tikitin Laraba ya tokare musu ƙofa.

Na soyayya kuwa, to.
Bangonsa ma sai da na kifa shi a cinya.
Na ce shafi goma zan ba shi, albarkacin aro.
Sai ga wata tsohuwa da kwandon kifi
tana ta buga ƙararrawa a ƙasa,
ni ina sama ina share hanci da hannun riga
don wani matuƙin jirgi da ba a taɓa haifa ba
ya dawo ya tarar an sake wa ƙofar fenti.
Fresia ta gan ni. Na ce mata iskar teku ce.

Mai kaurin nan, zuriya bakwai,
kowa da sunan kakansa,
na yi ta komawa baya ina neman wa ya haifi wa.
Yanzu shi ke tallafe da gurguwar kujerata.
Ban ce bai yi amfani ba.

Na fatalwa ba tsoro ne ya raba mu ba.
Mamacin kan yi tari sau biyu kafin ya shigo ɗaki,
haka Anselmo yake yi.
Nan na soke tikiti,
na zauna ina kallon jiragen dakon kaya
har fitilun tashar ruwa suka kama.
Wannan ban mayar ba, kuɗinsa na biya.
Yana kan firji. Ban buɗe ba, ban yar ba.

Da can amana nake ɗaukar littafi,
wanda ya ɗauki gawa sai ya kai ta kushewa.
Yanzu tabarau ya ƙara kauri,
kwanakin da suka rage ba su kai littattafan ba.
Keken nan ba ya tsayawa a tsakiyar tudu,
ni kuwa ina tsayawa.

Ranar Litinin tsohon ya ciro tikitin farko.
"Arba'in? Kin yi haƙuri, ni a talatin na sauka."
Ya miƙo mini wani siriri, babu bango,
babu sunan wanda ya rubuta.
A shafi na sittin akwai tikitin wani,
ya yi ja don tsufa, tun kuɗin hawa yana ƙwandala.
Wani ya sauka a nan kafin ni.
Bari in je in ga abin da ya kore shi.