Ƙarfe Huɗu a Garejin Sheffield

Ranar da aka ba ni makullin ofis
na rataye digiri biyu a bango,
ɗaya na Zariya, ɗaya na nan.
Na ce: to, direbobi sittin da uku,
yau kun samu mai lissafi.
Na san man da kowace bas ke sha,
na san mintin da ke zubewa a kowace kwana.
Abu ɗaya ya shige min duhu:
in na leƙa ɗakin shayi sai hira ta mutu
kamar an watsa wa garwashi ruwa.

Moira mai goge-goge ce ta fasa ƙwan,
tana matse tsumma, ko kallona ba ta yi ba:
"Tanimu, kana gaida agogo kafin ka gaida mutum."
Na haɗiye.
Kwana uku bakina kamar na tauna darbejiya.

Sai ga Gethin,
latti uku cikin mako guda.
Na buga takardar gargaɗi, na sa hannu, na ninke.
Kalmomi sun yi sahu a bayan haƙorana,
kowace da wuƙarta.
Huɗu da kwata ya shigo, yayyafi a kafaɗarsa,
maɓallin rigarsa ya tsallake rami ɗaya,
jikinsa na tashin warin asibiti.
Hannun da ya riƙe sitiyari shekara ashirin da biyu
ya kasa riƙe biro.

Nan na tuna Inna a Funtuwa:
in kaza ta yi laƙwas a gindin rumbu
ba ta jifan ta,
ɗaga fiffiken take yi ta duba.

Na tura takardar ƙarƙashin kwamfuta.
Na ce, "Ka sa wani abu a cikinka?"
Bai amsa ba. Na kunna buta.
Shiru ya miƙe ƙafa, na bar shi ya miƙe,
ko da yake harshena na ƙaiƙayi.
Sai da shayi ya huce ya ce,
"Matata ce. Wankin ƙoda, dare uku a mako.
Ba mu da kowa."

Na ɗauko jadawali, wanda nake ji da shi kamar gonar gado,
na sa fensir na yi masa kaca-kaca.
Jadawali bai yi kuka ba.

Kada a ce daga nan na zama auduga.
Da bazara na sallami Darren,
waya a hannu, yara arba'in a bayansa, bas na gudu.
Ban aika masa saƙo ba. Na zaunar da shi,
na faɗa sau ɗaya, ido cikin ido.
Ya zage ni tas, har da ƙasar da na fito.
Wuyana ya yi zafi, na ji zuciya ta taso tana neman ƙofa,
na danne ta da tafin hannu a kan tebur
har ya gama.
Na raka shi bakin ƙofa. Na miƙa hannu, ya bar min abina.
Daren nan ban runtsa ba.

Babba juji ne, haka muka ji tun muna yara.
Ba a dai gaya mana ba
cewa juji ma sai ya koyi rarrabe shara:
wannan fushi ne, wannan tsoro ne ya ari rigar fushi,
wannan kuwa yunwa ce kawai.

Bara suka ƙara min gareji biyu.
A wasiƙar sun jera lambobi:
latti ya ragu, masu ajiye aiki sun ragu.
Babu layin da aka rubuta shayi,
babu sunan Moira.

Digirin suna nan, hasken taga ya koɗar da su.
Ɗazu da asuba na shiga ɗakin shayi,
ana musun ƙwallo, ba wanda ya sassauta murya.
Gethin, ko waiwaye bai yi ba,
ya muskuta a kan benci,
ya bar min wuri.